Katin hoto biyu, baƙin allo, da fawa fak ɗin da ba shi da laifi

Duk wanda ya ce maka fawa fak, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, shi ne ya hana kwamfutarka tashi bayan ka ƙara mata katin hoto na biyu, kafin ka zaro kuɗi ka tambaye shi abu ɗaya: a wane lokaci take mutuwa? Fawa fak ɗin da ya yi wa na'ura kaɗan yakan bari ta tashi lafiya lau, ka shiga Windows, ka buɗe aikinka, sai katunan sun fara zuƙar wuta da gaske sannan ta ɗauke ɗif. Tawa ko tambarin madabod, wato babban allon da ake jona komai a jikinsa, ba ta nuna ba. Fankoki na juyawa, fitilu na ci, monita kuwa baƙi ƙirin. Ciwo biyu ne daban, kuma har yanzu raina na ɓaci idan na tuna an sa na sayi maganin wanda ba shi ke damuna ba.

Sana'ata zana gidaje a manhajar Blender, in nuna wa mai fili gidansa tun ba a aza tubali ba. Katina GTX 1660 Super ne mai 6 GB, kuma da zarar na cika zane da bishiyoyi da kujeru da labule sai ya ce wuri ya ƙare. Shi ya sa na sayi Tesla P40 na hannu, irin waɗanda ake cirowa daga manyan kwamfutocin sabar. Katin 2016 ne, amma 24 GB gare shi. Ba shi da fanka, ba shi da wurin jona monita, ƙarfin lissafi kawai. Firosesata Ryzen 5 3600 ce, ita ma ba ta fitar da hoto da kanta, don haka dole tsohon katin ya zauna yana riƙe da monita, sabon ya yi rendarin, wato lissafin fitar da hoton zanen na ƙarshe.

Zancen waya na riga na shirya masa. P40 ba ya karɓar wayar katin hoto da aka saba da ita, irin ta firosesa mai baki takwas yake so, kuma jerin wuta a cikinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya danna ta da ƙarfi zai ji ƙauri. Na sayi adaftar da ke haɗa wayoyin katin hoto biyu ta mai da su ta firosesa, na jona, na danna makunni. Shiru.

Madabod ɗina yana da ƙananan fitilu huɗu a gefe: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Ta farko ta kama ta saki, ta biyu ma haka, sai ta VGA, wato ta katin hoto, ta kama ja ta tsaya cak. Na cire P40, kwamfuta ta tashi kamar ba ita ba. Na mayar, baƙi. Na sauya musu gurbi, na sama ya koma ƙasa, baƙi. Na cire RAM na goge na mayar, duk kanwar ja ce.

Sai na ɗauke ta na kai wa wani mai gyara da ake yabo a kasuwa. Ya leƙa ciki, ya karanta abin da ke jikin fawa fak, ya yi dariya.

"Yallaɓai, 650 za ka ɗora wa kati biyu? Ai wannan zalunci ne."

Na ce, "Injiniya, to ai ko tashi ba ta yi, bare ta ja wuta."

Ya ce, "Shi ne ai. Ta ji nauyin tun daga ƙofa."

Maganar ta yi daɗin ji, kuma mutumin ya faɗe ta ba ko inda-inda. A gefensa akwai mai sayar da kaya, kafin in ce uffan an sauko da mai wat 850 daga kanta. Kuɗinsa ya kusa kamo rabin abin da na sayi katin. Aka ɗaura, aka danna, fitilar VGA ta kama ja ta tsaya a inda ta saba.

Ga lissafin da ba a yi ba a shagon nan. P40 wat 250 ne iyakarsa. 1660 Super wat 125. Firosesar an rubuta mata 65, ka ce ma ta ja 90. Ka ƙara diski da fankoki da madabod, da ƙyar za ka wuce 500, kuma wannan sai komai yana aiki gadan-gadan a lokaci guda. A daƙiƙun farko na tashi kuwa katunan ba sa jan abin a zo a gani. Tsohon fawa fak ɗina ya isa har da rara. Lissafin ɗan firamare ne, amma idan mutum yana tsaye kansa ya yi zafi, ga injiniya ga mai kaya duk baki ya zo ɗaya, ba ya zuwa.

Da sabon ya ƙi, sai injiniya ya zare batirin madabod, ɗan zagayayyen nan CR2032, ya jira, ya mayar, wai don saiti ya koma na asali. Ashe wannan ma ƙara nisanta mu da gyaran ya yi, domin saitin asalin shi ne matsalar. A ƙarshe ya yanke hukunci: "Katin nan matacce aka sayar maka, ka mayar." Saura ƙiris in kira mai katin in zage shi a banza.

Wani abokina da ke kula da sabar a wurin aikinsu ne ya warware ta a waya. Ban gama bayani ba ya katse ni: "Mutumina, ka kunna Above 4G Decoding?" Na ce mene ne kuma wannan.

Abin da ke faruwa shi ne, lokacin tashi BIOS, ƙaramar manhajar madabod da ke tada na'ura, yana yanka wa kowane kati adireshi, wato taga da firosesa za ta riƙa magana da shi ta ciki. A tsohon tsari mai bit 32, duk adireshin da ake da shi 4 GB ne, a ciki ake yanka wa kowa. Katin hoto na gida yakan nemi 256 MB ya yi shiru. P40 kuwa tagar da yake nema ta fi 4 GB ɗin gaba ɗaya girma. Kamar mai unguwa ne da 'yan fulotai a hannu, wani ya zo yana neman filin da ya fi unguwar faɗi. Rabon sai ya tsaya, har waɗanda ke da haƙƙi su rasa. Above 4G Decoding yana ba BIOS izinin yanka a can sama da iyakar 4 GB, inda wuri yake birjik. Tsofaffin madabod da yawa a kashe yake zuwa. Wasu kan daure su tashi, sai Device Manager ya saka wa katin alamar rawaya da lamba 12, ma'ana bai samu wuri ba. Wasu, irin nawa, ko ƙofa ba sa buɗewa. Ba P40 kaɗai ba, masu jera katuna da yawa a na'ura ɗaya su ma da wannan bangon suke karo.

Na cire katin, na shiga BIOS, na samo saitin a ɓoye ƙarƙashin sashen PCI. A nawa sai da na kashe CSM, wato tsarin da ke tada na'ura irin ta da, kafin abin ya zauna. Na adana, ta sake tashi, sai ga wata sabuwa: babu Windows. BIOS ya daina ganin diskina a jerin abin da zai tashi da shi. Gabana ya faɗi, domin aikin mutane ne a ciki.

Ba abin da ya ɓace. Tun asali an saka Windows ɗin a diski mai tsarin MBR, shi kuwa UEFI zalla, wato sabon tsarin tashi da ke rage idan an kashe CSM, diski mai tsarin GPT yake nema. Na mayar da CSM, na shiga, na kwashe ayyukana zuwa wani diskin, sannan na buɗe Command Prompt a matsayin admin. Tun Windows 10 na 1703 akwai mbr2gpt a ciki, mai mayar da diski daga MBR zuwa GPT. Ka fara da mbr2gpt /validate /allowFullOS, idan ya amince ka bi da mbr2gpt /convert /allowFullOS. Sharaɗinsa kada rabon diskin ya wuce manya uku, kuma wanda ya kulle diskinsa da BitLocker ya dakatar da shi tukuna. Kada kowa ya tsallake kwashe kayan nan, komai saurinsa. Daga nan na kashe CSM, na kunna Above 4G, na kashe wuta, na mayar da P40. Fitilar VGA ta kama ta saki, BOOT ta kama ta saki, tambari ya bayyana. Alhamdulillahi, na faɗa da ƙarfi har maƙwabcin shagona ya leƙo.

Don in huce, na sake kwance sabon fawa fak na mayar da tsohon mai 650, na ɗora rendarin mai nauyi na bar shi. Ko gezau. Nan ma a kula: wayoyin da ake cirewa a jikin fawa fak ba a haɗa na wani da na wani, ko bakinsu ya shiga, domin jerin wutar ya bambanta. Na koma kasuwa da mai 850 a kwalinsa, mai kaya ya ce, "Alhaji, kayan wuta in an jona ba a dawowa da su." Injiniya kuwa cewa ya yi ai ko ba yau ba zai yi mini amfani.

Sauran aikin bai ba ni wahala irin wannan ba. Na ɗaura wa P40 fanka mai hurawa a bayansa, don ba tare da ita ba ba zai jure zafin watan Afrilu ba. Direbobin katunan biyu sun ɗan yi rigima kafin su zauna tare. Gurbin ƙasa layi huɗu kawai yake ba shi maimakon goma sha shida, amma a rendarin abin da hakan ke ƙarawa shi ne ɗan jinkirin loda zane.

Abu ɗaya da zai iya dawo da baƙin allon: ranar da batirin madabod ya mutu, ko ka sabunta BIOS, saitin zai iya komawa a kashe. In haka ta faru, ka cire katin na biyu, ka shiga da na farko, ka kashe CSM, ka kunna Above 4G, sannan ka mayar da shi.