Shirwa nawa suka wuce ta kanmu yau?

Jiya Asabar tun kafin ƙarfe 8 na hau babur na nufi fadamar Rima ta wajen Kware, da ɗan littafi da biro da tsohon madubin hangen nesa da na saya a hannun wani ɗan gwanjo, gilashinsa na hagu ma ya ɗan yi hazo amma dai yana aiki. Kaka ta shigo, an yanke gero an jera dammuna, fara sai tsalle take ko ina ka taka, kuma wannan shi ne lokacin da na fi so na zauna na ɗaga kai sama. Shekara ta uku kenan ina wannan abu.

Da sassafe ba ka ganin komai sosai. Sai rana ta fara dukan ƙasa wajen 10 haka, iska mai zafi ta fara tashi, a nan ne za ka ga shirwa ɗaya ta fara shawagi, can sai ta biyu, kafin ka ankara sun taru suna kewayawa suna hawa sama ba tare da ko kaɗa fiffike ba, in sun kai ƙololuwa sai su miƙe su zarce kudu ɗaya bayan ɗaya. Lokacin miƙewar nan ake ƙirga su, don in ka ce za ka ƙirga suna cikin kewaya wallahi sai ka ƙirga guda sau uku. In sun yi yawa sai ka ƙirga 10 ka riƙe girman gungun a idonka, ka riƙa auna sauran da shi. Jiya 46 na rubuta kafin azahar. Yawancinsu masu rawayan baki ne, namu na Afirka, da ke bin damina zuwa arewa su dawo in ruwa ya ɗauke.

Wani dattijo mai gona a wurin ya daɗe yana kallona, can ya kasa haƙuri ya ce "Yaro, mi kaka biɗa ga sama tun ɗazu?" Na ce Baba shirwa nake ƙirgawa. Ya yi dariya ya ce to in na gama in zo gidansa in ƙirga 'yan tsakin da ta kwashe masa bana. Gaskiyarsa, kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Amma da na miƙa masa madubin ya ɗora a kan wani shaho mai launin toka, bakin fukafukansa baƙi, yana tafiya ƙasa-ƙasa dab da karan gero yana lilo kamar zai faɗi, sai ya yi shiru ya bi shi da kallo har ya ɓace. Ya ce ya san shi, da kaka yake ganinsa, da bazara kuma ya ɓata. Na ce masa Baba wannan baƙo ne, a Turai aka ƙyanƙyashe shi, ya ƙetare teku da Sahara ya zo cin fara a gonarka. Masana na ce masa shahon Montagu, kuma masu bincike daga Holan sun sa wa irinsu na'ura a baya sun bi sawunsu ta tauraron ɗan adam har nan Sahel, ciki har da Nijar maƙwabtanmu. Sai cewa ya yi "Allah mai iko, ashe aiki shika yi min."

Abin da ke damuna shi ne can waje mutane sun ɗauki ƙirgar nan da gaske. A Batumi ta ƙasar Jojiya, inda duwatsu da Bahar Aswad suka matse hanya, tun 2008 'yan sa kai ke zama daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, kuma sama da tsuntsaye miliyan 1 suke ƙirgawa a kaka guda. A mashigin Jibraltar, tsakanin Sifen da Maroko, da faɗinsa kimanin kilomita 14 ne a inda ya fi matsewa, nan ma ƙirgar ake yi, saboda masu shawagi ba sa son dogon teku, babu iskar zafi da za ta ɗaga su a kan ruwa, kuma da yawa cikin masu bi ta nan Afirka ta Yamma suka nufa. A Amurka akwai dutsen Hawk Mountain da tun 1934 aka hana harbin shaho da danginsa aka koma ƙirga. Su suna ƙirga masu wucewa ne fa kawai, mu kuma da tsuntsun ke sauka ya yi watanni a wurinmu da wuya ka samu mai rubutawa.

Kuma mun ga abin da rashin rubutawar ya jawo. Ina yaro in aka aike ni wajen mayanka, ungulu ce cike a kan rufi da bishiyoyi har sai an kore su, ana cewa ungulu ba ki jewar banza. Yau fa? Jiya tun safe har azahar ko ɗaya ban gani ba. A 2015 aka sa ungulun nan tamu cikin jerin masu dab da ƙarewa a duniya, guba da masu sayen kanta da ƙwanta don tsibbu sun cinye ta, kuma ta tafi ne a gaban idonmu da kaɗan-kaɗan ba wanda ya ce uffan. Ina jin zafin wannan sosai.

Shi ya sa duk abin da na gani nake sa shi a manhajar BirdLasser ya tafi ga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke kula da shi, wayarka kawai ta isa. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu Goronyo nake son zuwa, bakin dam. Baba mai gona kuma ya ce in na dawo ta wurinsa in taho da madubin, akwai jikansa da yake so ya gani.