Albasar da kwamfuta ta ƙi gani

Hoton tauraron ɗan adam na EnMAP, mallakar Jamus, wanda aka harba a 2022, ya sha bamban da hoton waya mai launi uku. Kowane ɗigo a cikinsa yana ɗauke da ma'aunin haske sama da 200, har da wanda ido ba ya gani. Da shi na horar da kwamfuta ta ware amfanin noman rani a fadamun Argungu da gonakin Aliero.

Shinkafa ce ta cika misalan da na tara, don ita ta mamaye fadama. Albasa da alkama ɗan kaɗan ne. Nan da nan kwamfuta ta gane cewa in ta ce shinkafa da wuya ta faɗi, sai ta riƙa lafta wa kusan komai wannan suna. Jimillar maki ta yi kyau ƙwarai, amma da na duba kowane amfani shi kaɗai, sai na tarar yawancin albasar ta ɓace. Abin ya dame ni, domin in aka raba taki da irin wannan taswira, mai albasa ba zai samu ko mudu ba.

Matsalar tsohuwa ce. A bayanan Indian Pines, wani hoton gonaki mai ma'aunin haske da yawa da aka ɗauka a jihar Indiyana ta Amurka a 1992, wani rukunin waken suya yana da ɗigo 2,455, hatsin ot kuwa 20 kacal.

Na fara da tsananta hukunci, wato kuskure a kan albasa ya fi kuskure a kan shinkafa nauyi. Ya taimaka, sai dai da na matsa da yawa, tumatir ma ya koma albasa. Dabarar SMOTE, mai ƙirƙiro sabon misali tsakanin misalai biyu masu kama, ba ta gamsar da ni ba. Ɗigo guda na EnMAP mita 30 ne kowane gefe, fangalin albasa kuwa ɗan ƙarami ne, ga kunya, ga hanyar ruwa, ga busasshiyar ƙasa duk a ciki. Abin da aka ƙirƙira daga gauraye, gauraye zai fito.

Ƙafa ce ta fi yi mini aiki. Na koma Aliero da GPS ina neman manyan gonaki. Wani dattijo, Allah ya saka masa da alheri, ya nuna mini albasar da aka dasa da wuri, ganyenta ya fara kwanciya yana yin ruwan ɗorawa, kusa da ta baya mai kore shar. Misalaina na farko duk irin ta biyun ce.

Daga nan na raba bayanan gona-gona: wadda aka yi horo da ita ba ta shiga gwaji, don ɗigo maƙwabta kusan abu ɗaya ne. Jimillar maki ta ɗan sauka, amma albasa ta fara fitowa a gonakin da kwamfutar ba ta taɓa gani ba.