Asabar, Tsakanin Gidan Gem da Kallon Fim

Yau Asabar ban fita kasuwa ba, saboda haka bayan karin kumallo na cika alkawarin da na yi wa ɗan yayana, wanda ya kammala sakandare a bana, na raka shi gidan gem da ke bakin titi a nan Gyaɗi-Gyaɗi. Shago ne ɗaya mai benci biyu da talabijin a jikin bango, janareta kuma yana ta ruri a waje. Yawancin samarin ƙwallo suke bugawa, amma a kusurwa akwai wasu biyu da suka duƙufa a kan Mortal Kombat, wani gem na faɗa, kuma su na tsaya kallo. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe hannun gem har jijiyoyin hannunsa sun tashi, manyan yatsunsa ba sa tsayawa, duk lokacin da aka kawo wa jaruminsa duka sai ya kauce da kafaɗarsa kamar shi za a sama. Da mai shagon ya ji muna zancen, sai ya ce ai akwai fim ɗin wasan na shekarar 2021, muka biya wajen masu tura fina-finai aka saka mana shi a waya.

Bayan sallar Azahar muka zauna kallo a gida. An kashe kuɗi a fim ɗin, faɗan Scorpion da Sub-Zero, jarumai biyu na wasan, ya ƙayatar, amma tun kafin a yi nisa na lura yaron ya fara gyara zama. Masu fim ɗin sun ƙirƙiro wani sabon jarumi mai suna Cole Young, wanda babu shi a cikin wasan, suka ɗora labarin a kansa, kuma gasar da aka san wasan da ita har aka tashi ba a yi ta ba. Can sai ya juyo ya ce, "Baffa, da ni ne nake riƙe da Sub-Zero, wallahi ba haka faɗan nan zai ƙare ba."

Wannan magana ita ta tsaya mini a rai har yamma, domin a ganina ita ce tushen matsalar fina-finan da ake yi daga gem. Mai buga gem shi ne yake yanke hukunci, shi yake faɗuwa ya sake tashi, kuma daɗin abin yana cikin wahalar da ya sha kafin ya ci bos, wato babban abokin gaba na ƙarshen mataki. Fim kuwa yana karɓe hannun gem daga wurinka ya ce ka zauna ka kalla. Idan bai musanya maka da labari mai kama zuciya ba, ka zama kamar wanda aka gayyata walima aka ce ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallon masu ci. Tun 1993 ake fama da wannan, lokacin da aka yi fim ɗin Super Mario Bros. da Bob Hoskins, aka mai da duniyar wasan wani birni mai duhu da ƙazanta, fim ɗin ya kasa mai da kuɗin da aka kashe. Assassin's Creed na 2016 ma, duk da ƙwarewar Michael Fassbender, bai burge masu sharhi ba.

Da Yaya ya dawo bayan Magariba muka ɗauko zancen a kan tabarma a tsakar gida, shi kuma ra'ayinsa daban ne. Ya ce kasuwa ita ce alƙali, ya kawo misalin fim ɗin katun na Mario da ya fito a 2023, wanda ya tara sama da dala biliyan 1.3. Gaskiya ne, amma na tuna masa cewa a wannan karon kamfanin Nintendo, mai wasan Mario, bai sayar da suna ya koma gefe ba, domin Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, yana cikin furodusoshin fim ɗin. Haka Sonic: da aka saki tallan fim ɗin a 2019 masoya wasan suka yi ca a kan surar da aka ba shi, musamman haƙoransa irin na mutum da ƙananan idanunsa, sai aka ɗage fitowar fim ɗin zuwa Fabrairun 2020 aka sake zanen, sannan ya samu karɓuwa. Kuɗin ya biyo bayan girmama waɗanda suka san wasan ne.

Duk da haka ban ɗauki yawan kuɗi a matsayin cikakkiyar nasara ba. Fina-finan Resident Evil da Milla Jovovich ta fara a 2002 sun yi ciniki har aka yi guda shida, amma da wuya ka samu wanda zai iya ba ka labarin na huɗu ko na biyar. Wanda na fi ganin ya ci sunansa shi ne The Last of Us, shiri mai dogon zango da tashar talabijin ta HBO ta fara a 2023, wanda Neil Druckmann, marubucin wasan na 2013, ya yi tare da Craig Mazin. Sun rage yawan harbe-harben da ɗan wasa yake yi da hannunsa, suka ba da lokaci ga Joel, uban da ya rasa 'yarsa, da yarinya Ellie da aka damƙa masa amanarta. Dogon zango ya ba su sararin da fim na awa biyu ba ya bayarwa, tun da wasan kansa yakan ci sama da awa goma kafin a kai ƙarshensa.

Yaya bai sauka daga ra'ayinsa ba har aka kira Isha'i, yana cewa mai zuba jari ba ya cin yabo. Abu ɗaya muka yi ittifaƙi a kai, shi ne fim ɗin da muka kalla da rana yana da zubar da jini da yawa, don haka na goge shi daga wayar kafin ƙannen yaron su karɓa, na kuma yi musu alkawarin gobe bayan sun dawo daga Islamiyya za mu kalli na Mario tare.