Asabar a Katsina: kiɗan da rediyo ba ya sawa

Yau babu makaranta, don haka ina gama karin kumallo na hau mashin sai kasuwa, wajen yaron da ke tura min waƙoƙi. Na riga na bar masa sallahu cewa duk abin da direbobin Maraɗi suka kawo na 'yan jitar Nijar ya ajiye min. Na tarar ya baje kwamfutarsa ƙarƙashin lema, wasu mata na jira a zuba musu waƙoƙin biki. Ya ce, "Malam, wallahi kai kaɗai ke tambayar irin waɗannan. Ko suna babu a jikinsu." Haka ne kuwa, lambobi ne kawai a jere. Ya zuba min a memori, na sallame shi.

A gindin wata darbejiya na tsaya na saka abin ji a kunne. Ta farkon da na buɗe a filin biki aka ɗauke ta, har ƙugin janareto ana ji. Jitar ta shaƙe, lasifika na neman fashewa, mai kiɗan ya kama zance ɗaya yana ta maimaitawa, yana ɗan karkata shi kaɗan-kaɗan, mai ganga na ƙara wuta, mata na guɗa. Can sai ka rasa inda aka faro, ka ji kanka ya yi sakayau. Turawa na kiran irin wannan rok ɗin saikedelik, suna kashe kuɗi a situdiyo don su sami wannan ƙarar. Su waɗannan kuwa da tsohuwar lasifika suka same ta.

Ta wannan hanyar ai Mdou Moctar ya fito, Buzun nan bahago na jihar Tawa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Abin da ke burge ni a tarihinsa shi ne a Sakkwato ya yi rikodin ɗinsa na farko a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinanmu. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yaɗu, babu kamfani babu talla, har Christopher Kirkley, Ba'amurken da ya kafa ɗan ƙaramin kamfanin Sahel Sounds, ya tsince su ya saka a wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara a 2011. Zuwa 2021 kamfanin Matador ne ke fitar da shi. Mu da muka fi kusa da shi, sai da labarinsa ya zaga Amurka sannan da yawanmu muka san sunansa.

Bayan azahar na leƙa gidan Kawu a Ƙofar Sauri. Yana kishingiɗe a zaure, muka gaisa, ya ce me nake ta toshe kunne da shi. Na kunna masa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tashi zaune ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ai kiɗan yaran Legas ne na bayan yaƙi." Kawu ya yi zaman Legas a shekarun 1970. Ya aika a jawo masa akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya zaro fayafayan garmaho daga cikin tsofaffin takardu. Gara ta cinye gefen kwalayen, ɗaya ma rana ta lanƙwasa shi. Da bakin rigarsa ya riƙa goge su, yana ɗaga su wajen haske yana duba inda suka karce. Akwai na Ofege, yaran da suna 'yan makarantar St. Gregory's a Legas suka fitar da faifansu na farko a 1973, akwai na BLO, su uku, su ma a wannan shekarar. Ya ce bayan an gama yaƙin basasa a 1970, garuruwan gabas irin su Aba da Inugu cike suke da ƙungiyoyin samari masu jita, kowa na neman abin da zai mantar da shi abin da idonsa ya gani. Na gaya masa wani kamfanin Ingila, Soundway, ya tattara irinsu ya sake bugawa a 2008, kuma yanzu masu tara fayafayai na neman na asali ido rufe. Ya ce shi dai nasa ba na sayarwa ba ne, alhali ko na'urar jin su ba shi da ita.

Da na tashi tafiya ya ja min kunne: "Ka dai yi hattara, kiɗan 'yan shaye-shaye ne." Ban musa masa ba, don a Amurka da Ingila na shekarun 1960 abin tare da ƙwaya ya tashi, wasu mawaƙan ma ita ta gama da su. Sai dai ni na ji wannan juyin kan tun ina yaro a bakin mai garaya yana yi wa mafarauta kiɗa, da tsirkiya biyu kacal, kuma babu wanda ya sha komai a wurin. Maimaici ne ke yin aikin, da haƙurin mai kiɗa.

Da dare aka ɗauke wuta, na fito tsakar gida da tabarma na koma ɓangaren mai sanyi, wanda suke kira asid fok: jita marar lantarki, sarewa, murya ƙasa-ƙasa. Na saurari Vashti Bunyan, Baturiyar da ta fitar da faifai a 1970 aka ƙi saye, ta yi fushi ta bar waƙa, sai a 2000 aka sake buga shi mutane suka rufa a kai. Daga nan na shiga Bandcamp, shafin intanet da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu, na yi ta bin ƙananan ƙungiyoyin yanzu, masu yin rikodin a ɗakin kwana, su buga kaset ko faifai kaɗan su sayar da hannunsu. Gaskiya wasu hayaniya ce kawai da kwaikwayon na da, ba na kai ƙarshensu. Amma wanda ya yi kyau a cikinsu, ba za ka taɓa jin irinsa a hannun manyan kamfanoni ba, domin babu wanda ya tsaya a kansu ya ce su gajarta ko su saka abin rawa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ita wannan baiwar Allah, Vashti Bunyan, an iya dawo da ita ne saboda akwai faifan. Shata ma, da ke kwance a Daura tun 1999, muna jin muryarsa ne don an ɗauka an adana. Tsohon mai garayar ƙauyenmu fa? Ko a waya ban san wanda ya taɓa ɗaukarsa da kyau ba, ga shi hannunsa ya fara rawa. Na kira ɗansa bayan isha'i, na ce ya gaya wa Baba ina son in zo da na'urar wani abokina mu ɗauke shi, a gidansa, yadda ya saba, kuma shi zai faɗi abin da za a ba shi da wanda za a bari ya ji. Ya ce zai tambaye shi da safe, amma sai an sake wa garayar fata tukuna, kuma in bari sai ranar kasuwa, lokacin da hanya ta fi samun mutane. Na ce kuɗin fatar a wuyana.