Wa ke sayar da shayi a garin naka?

Ɗan yayata da ke zaune a Idi-Araba ne ya turo min labarin da ya rubuta ta WhatsApp, wai Kawu ka duba min tunda kai ne mai karance-karance a dangi. A cikin danfo na karanta shi daga Agege zuwa Oshodi, goslo ya riƙe mu wajen Ikeja har na gama na sake komawa farko. Irin labaran nan ne da Turawa ke ce wa distofiya, wato marubuci ya ƙago wata duniya ta gaba inda komai ya taɓarɓare, masu mulki sun danne kowa, rayuwa ta koma kurkuku ba katanga. Nashi Legas ce a shekarar 2090, wani Janar ya kama ƙasa, kyamara a kowane lungu, an hana karatu, sai ga wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya tashi ya tara matasa suka kifar da gwamnati a shafi na sha huɗu.

Hausarsa tayi kyau fa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma ban yarda da garin ba ko na minti ɗaya. Da yazo shago ran Asabar sai na ce masa, kai wa ke sayar da shayi a garin naka? Yayi dariya yace Kawu ana maganar juyin juya hali kai kana maganar shayi. Nace to ai nan gizo ke saƙar. Shafi sha huɗu ba wanda yaci abinci, ba wanda mai gida ya biyo kuɗin haya, ba wanda ya tsaya layin ruwa, kowa daga kuka sai gudu sai jawabi. Mutanen nan da me suke rayuwa?

Ni POS nake yi, kuma abin da ya koya min wannan darasin ba littafi bane, canjin kuɗin farkon 2023 ne. Wanda yake Legas a lokacin ya sani, mutum na da kuɗi a akawun amma ba shi da na motar komawa gida, layin ATM tun kafin asuba, masu tumatir a Mile 12 kaya na ruɓewa a gabansu saboda mai saye ba tsaba, taransifa kuma ta maƙale a hanya. To ka san me ya fi bani tsoro idan na tuna? Ba wahalar ba. Sati biyu kacal muka saba. Mutane suka fara raha a layi, wani ya kawo tabarma, wani ya fara sayar da lamba, mai kunu ta gane inda kasuwa take ta dawo bakin banki. Ni kaina, Allah Ya yafe mana, sayen tsabar kuɗi nake a hannun masu gidan mai da 'yan kasuwa in sayar da tsada, naira na sayen naira, kuma kullum da dare ina da hujjar da nake ba kaina, ai nima saya nayi, ai ina da iyali. Ba wani Janar da ya ɗora min bindiga a ka.

Wannan mutumin, wato ni, shi ne babu a labarin yaron nan. Kuma sai da irinsa mugun tsari ke tsayawa da ƙafarsa.

Littafin da kowa ke kawowa in ana wannan maganar shi ne 1984 na George Orwell, wanda ya fito a 1949. Mutane sun fi tuna Babban Yaya mai kallon kowa, har sunan shirin Big Brother da ake yi a talabijin daga nan aka samo shi. Amma ni abin da ya kama ni tun shafin farko shi ne lif ɗin gidan da jarumin littafin ke zaune baya aiki, an ɗauke wuta da rana, mutumin sai ya taka bene hawa bakwai da ciwo a ƙafa yana hutawa a hanya. Nace wannan ai ɗan Najeriya ne. Can gaba sai kaga reza ta aski ta zama gwal, abokin aiki na tambayarka ko kana da ɗaya ka ce babu alhali ka ɓoye biyu. Sai kuma wurin da aka rage rabon cakulan daga giram 30 zuwa 20, washegari aka sanar wai jama'a sun fito godiya saboda an ƙara shi zuwa 20, kuma kowa ya haɗiye. Orwell ba daga sama ya ciro waɗannan ba, a Ingilar da yake ciki ana rabon abinci da kati tun lokacin yaƙin duniya na biyu kuma ba a gama dainawa ba sai 1954, shi kansa yayi aiki a BBC daga 1941 zuwa 1943 yana shirya shirye-shiryen da ake watsawa Indiya lokacin yaƙi, ya san yadda ake tace magana kafin ta fita. Abin da hancinsa ya shaƙa ya ɗauka ya ƙara masa gishiri.

Kuma jarumin nasa ba wani gwarzo bane, ma'aikacin gwamnati ne da aikinsa shi ne gyara tsofaffin jaridu su dace da ƙaryar yau, har ma yana jin daɗin aikin in ya samu mai wuya. Maƙwabcinsa kuwa 'yarsa ta cikinsa ce ta kai ƙararsa, yana tsare yana alfahari da tarbiyyar da ya ba ta. Wannan wurin ya fi duk azabtarwar da ke littafin tayar min da tsigar jiki.

Sai maganar mugun. Janar ɗin yaron nan mugu ne kawai don mugunta, yana zaune a kan kujera yana ƙyaƙyata dariya kamar boka a fim. Nace masa ɗana, ba wanda ke zuwa ya ce na zo in cuce ku. Cewa ake don tsaronku ne, don tsafta ne, don tarbiyya ne, kuma sau da yawa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi yasa rabin gari ke tafi. Ka tambayi manya labarin shekarar 1984 ta gaske a ƙasar nan, lokacin yaƙi da rashin ɗa'a, har yau akwai masu yabon yadda aka koya wa mutane bin layi, kuma a shekarar ce aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian ta Najeriya ƙarƙashin doka mai lamba 4. Duk biyun gaskiya ne, lokaci ɗaya. In mai karatu bai ɗan ji a ransa cewa kai, da ni ne ma ƙila in goyi bayan wannan dokar ba, to marubuci bai gama aikinsa ba.

Wani abu kuma da masu irin wannan rubutun ke mantawa, doka bata taɓa rufe ko'ina ruf. Da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas a watan Yunin 2022, wasu 'yan uwanmu sun loda mashinansu a tirela sun koma gida, wasu sun gangara unguwannin da dokar bata kai ba, wasu kuma sun koyi wane lungu ake bi da wane lokaci. Ko'ina akwai kasuwar bayan fage, akwai mai gadin da za a ce masa yallaɓai a taimaka ya kau da kai. Garin da kyamara ke ganin komai kuma ba ko ɗaya da ta lalace ko aka sace wayarta, wannan ba Legas bace ko a 2090.

Ƙarshen labarin ban ce masa ya canja ba, ba dole sai an murƙushe jarumi kamar yadda Orwell yayi ba, ni dai cewa nayi nasara ta shafi biyu tayi araha, a nuna min me ta ci masa, wa ya rasa, wa ya sayar da shi a cikin abokansa.

Yayi shiru ranar, ina ganin ma ya ɗan ji haushi, ko lemon da na saya masa bai shanye ba. Sai shekaranjiya da dare ga saƙo, ya sake farkon gaba ɗaya. Yanzu da mai shayi ya buɗe, a ƙarƙashin wata gada, yana ƙirga ƙwayar suga yana rubuta sunan duk wanda ya zauna a bencinsa saboda sai ya miƙa takardar kafin a sabunta masa izinin tebur. A ƙasa kuma ya rubuto min, Kawu don Allah lokacin canjin kuɗi nawa kuke cirewa a dubu biyar, ina so in saka.

Har yanzu ban ba shi amsa ba.