Inda ƙungiyoyin unguwa da na addini ke tuntuɓe wajen neman tallafin gwamnati

Ƙungiyar da ke ciyar da marayu ko ɗaukar nauyin marasa lafiya takan zaci aikinta ya isa shaida. Amma jami'in da zai sa hannu a fitar da kuɗi bai taɓa ganin marayun ba, fayil ne kawai a gabansa.

Rajista ce matakin farko. Ƙaramin tallafi wani lokaci takardar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha ta wadatar. Idan kuɗin ya yi kauri, sai rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta Najeriya, a matsayin ƙungiya mai amintattu, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Ana buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Bayan nan sai takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna ke nema kafin su buɗe asusu da sunan ƙungiya. Kuɗin gwamnati ba ya shiga asusun liman ko na shugaba, komai amanarsa. Kuma rajista ba a yi ta a manta ba ce. Duk shekara akwai rahoton da ake miƙa wa CAC.

Wanda yake son ganin yadda irin wannan kuɗi ke tafiya, ya duba shirin raya al'umma na CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa, wanda ya gudana a jihohi da dama daga 2009 zuwa 2021. A lokacin shirin, mutanen gari ne ke zama su zaɓi abin da ya fi damunsu: azuzuwa, rijiyar burtsatse, ɗakin shan magani ko kwalbati. Su zaɓi kwamitin gudanarwa da mata a ciki, su buɗe asusu, sannan su kawo nasu kaso, wanda a farkon shirin kashi 10 cikin 100 ne. Ba dole sai tsabar kuɗi ba, yashi da tsakuwa da aikin ƙarfi duk ana yi musu ƙima. Sauran kuɗin kuwa kashi-kashi yake zuwa, ba a sakin na biyu sai an yi bayanin na farko.

To a nan ne ake yawan faɗuwa. An sayi siminti a shagon ɗan unguwa ba rasit, saboda an san juna. An biya magina da leburori da yamma a hannu, ba wanda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Gini ya kai linta, kowa na gani, amma a takarda kuɗin ya ɓace. Maganin bai da wuya: littafi ɗaya na shiga da fita, rasit mai kwanan wata ga kowane buhu, takardar biyan leburori a kullum, da mutum biyu aƙalla masu sa hannu kafin a cire ko kwabo. Sai tashin farashi, don haka da zarar kaso ya shigo a fara da siminti, rodi da kwano.

Ƙungiyoyin addini na da ƙarin tarko. Rufin masallaci ya yi yoyo, sai a ce a ari kuɗin aikin a mayar ranar Juma'a. Niyya mai kyau ce, amma mai binciken kuɗi karkatarwa zai rubuta. A raba asusun zakka da sadaka daban, na tallafi daban. Kuma abin da aka gina da kuɗin jama'a, a bar shi a buɗe ga kowa, ba sai ɗan ƙungiya ko mabiyin aƙida ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne bayan yanke kintinkiri. Tallafin na gini ne, albashi ba ya ciki. Kafin a aza tubalin ɗakin shan magani, a karɓi alƙawari a rubuce daga ƙaramar hukuma cewa za ta turo ma'aikaci. Rijiya kuma a tsayar tun farko nawa kowane gida zai riƙa bayarwa a wata, da wanda zai riƙe kuɗin gyaran famfo.