Dawar da ta fi ni sanin lokaci

A makon nan na miƙa makullin babur ɗin ofis, na ajiye aikin malamin gona bayan shekara 12. An ce in rubuta wani abu don yaran da aka ɗauka bana. Duk ta inda na faro sai in tsinci kaina a damina guda, ta shekarata ta biyu.

A lokacin aka turo mana ingantaccen irin dawa, gajera, mai nuna da wuri, zangarniyarta a dunƙule. A gonar gwaji ta yi abin a zo a gani. Shugaban sashenmu ya ce a raba, kuma yawan manoman da suka karɓa shi ne ma'aunin aikin kowa. Ni da ɗanyen kai da takardar makaranta ban tsaya ga rabo ba, har na riƙa ce wa mutane su huta da doguwar dawarsu, wadda rabinta kara ne.

Wani dattijo ya murza irin a tafin hannu ya ce, "Malam, ita wannan ta san ranar da ruwa zai ɗauke?" Na yi dariya na ce, "Baba, ai hatsi ba ya duba kalanda."

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, kowa ya yi shuka da wuri. Sabon irin ya ƙirga kwanakinsa tun daga ranar shuka, ya nuna ana tsakiyar zuba ruwa. Dunƙulen kan nan ya riƙe danshi, funfuna ta baƙanta ƙwaya, ƙwari suka samu maɓoya. Da yake babu wata gona da ta nuna sai tamu, tsuntsayen yankin gaba ɗaya a kanta suka sauka. Doguwar dawa kuwa tana tsaye abinta, ko ciki ba ta yi ba.

Sai daga baya na karanta abin da Baba ya sani ba tare da littafi ba. Doguwar dawar tsawon dare take ji. Sai dare ya kai wani tsayi take fara haɗa kai, don haka ko an shuka ta da wuri ko an makara, kusan lokaci ɗaya take fure, dab da ɗaukewar ruwan wurin da ta saba, ƙwayarta ta ƙosa cikin iska busasshiya. An tabbatar da haka a kan dawar Afirka ta Yamma tun shekarun 1960. Ka ɗauke ta ka kai ta can arewa ko kudu, lissafin ya ɓace mata. Zangarniyarta a warwatse take, ruwa ba ya kwana a ciki, ƙwayar kuma da tauri, tana jure zaman rumbu. Hannun manomi ne ya yi wannan aikin, kaka bayan kaka, yana ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don iri.

Da aka zo rubuta rahoto, sai na ga an sa cewa malamin gona bai koya wa manoma lokacin shuka ba. Na ɗauki takardar umarnin da shugaban sashenmu ya sa wa hannu na je na ce, "Ranka ya daɗe, babu maganar lokacin shuka a nan." Ya ce in koyi ɗaukar laifi idan ina son in daɗe a aiki. Shekara ta zagayo aka ƙara masa girma. Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Gidaje da dama sun cinye tsohon irinsu saboda maganata. Ni na bi su gida gida muna roƙon iri, kuma daga rumbun dattijon nan mafi yawansa ya fito. Bai ce mini komai ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Ba na gaba da ingantaccen iri, a shekarar da damina ta gajarta shi ke fid da mutane kunya. Amma masu ƙirƙirarsa ma wurin irin gargajiya suke komawa aro. Shinkafar nan da ke jure mako biyu a ƙarƙashin ambaliya ta gaji halin ne daga wani tsohon irin manoman Odisha a Indiya, FR13A. A 1970 kuwa cuta guda ta cinye kusan kashi 15 cikin ɗari na masarar Amurka, saboda yawancin gonakin tushen irinsu ɗaya ne. Akwai rumbun irin duniya da aka buɗe a Svalbard ta ƙasar Norway a 2008, sai dai irin da ke kwance cikin sanyi ya daina koyon sabon yanayi. Wanda ake shukawa duk shekara shi ke tafiya da zamani.

Sauran abin da zan ce wa yaran kaɗan ne. Ku gwada sabon iri a kunya biyu zuwa uku kusa da tsohon, damina uku, kafin ku buɗe baki. Ku tambayi mata, sau da yawa su ke riƙe da iri. Duk umarnin da aka ba ku da baki, ku nemi a rubuta.

Rahoton nan yana cikin fayil ɗina har yau. Na duba kafin in fito.